Inna, Autanki Ya Hau Sikeli

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwar ladabi da girmamawa daga 'yarki ta fari, wadda har kika koma ga Allah ba ki taɓa kama sunanta ba, sai dai ki ce "ke". Ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, makwancinki ya yalwata, ya cika da haske. Mu nan Ƙofar Marusa lafiya lau muke. Jikokinki sun girma, maigidana yana nan yana fama, kuma ba ya sallame salla bai sa ki a addu'a ba.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Waɗanda za su karanta wannan mutane ne da ba su san ki ba, kowa riƙe da wayarsa. To su karanta, ba laifi. Ni dai da ke nake magana, don labarin nan ya cika mini ciki, kuma duk wanda na fara ba shi sai in ji ba shi ne ya kamata ya fara ji ba.

Labarin autanki ne, Nasiru.

Kin tuna faman da kika sha da shi a kan abinci. Tun yana ƙarami siriri ne, da ya shiga damben zamani kuma sai abin ya ƙaru, don su dambensu aji-aji ne, kowa da masu nauyi irin nasa yake karawa. Nasiru yana ajin da ke ƙasa da matsakaita, kullum cikin tsoron sikeli yake. Ki tuƙa tuwo, ki kaɗa miya, ya zo ya ɗan taɓa ya wanke hannu. Ki raka shi da ido har zaure kina cewa, "Wace irin sana'a ce wannan da ke hana mutum shi ci tuwon uwarshi?"

Bayan rasuwarki bai canza ba. Da rana yana shagon walda, da yamma yana wurin horo. A ajinsa ya buge na bugewa har sunansa ya fita gari, amma in kin gan shi yana tafe cikin jamfa sai ki rantse ciwo ya tashi.

To akwai wani mutum da ake ce wa Garu. Ba sunan yanka ba ne, laƙabi ne da masu kallo suka ba shi, don wai duk abin da ka jefa masa dawo maka yake yi. Shi ke riƙe da kambun matsakaita nauyi na shiyyar nan tamu, kuma ya daɗe da shi a hannu. 'Yan ajinsa duk ya gama da su, har ya kasance ba mai son jin an haɗa shi da shi. Sai masu shirya wasa suka fara leƙa ƙasa, suna kiran zakarun ƙananan aji su ƙara nauyi su hau su same shi. Wani ya zo daga Kano, bai ga ƙarshen turmin farko ba. Wani ya zo daga Zariya, shi sai da aka yi masa fifita aka yayyafa masa ruwa. Daga nan sai aka aiko wa Nasiru.

Malam Bala, kocinsu, bai ɓoye masa komai ba. Ya ce shekaru sun fara ja, irin wannan kira kuma sau ɗaya yake zuwa wa mutum, in ya wuce akwai matasa da ke jira a baya. Sannan ya faɗa masa sharaɗin. Ranar wasa da safe za a ɗora shi a sikeli. Akwai iyaka ta ƙasa da dole ya haura, akwai ta sama da ba zai tsallake ba. In ya faɗo waje, ko ta nan ko ta can, babu wasa, za a ba wani damar.

Ni da na ji, Inna, sai na tare shi. Na ce masa mutumin da ya sumar da ƙarti shi za ka je ka tsaya a gabansa? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, tun da na fara damben nan wannan rana nake jira. Ki yi mini addu'a kawai." Na kalli idonsa na ga ba abin da zan faɗa ya shiga. Daga ranar na daina roƙon Allah ya hana wasan, na koma roƙon ya kai shi.

Inda aka samu matsala shi ne da ya je neman albarka wurin Gwaggo Ladi.

Kin san Gwaggo. Ƙanwar Baba ce, amma kowa a unguwar nan ya san ke ce aminiyarta, kuma tun ranar da aka fita da ke ta ɗauki Nasiru ta ɗora a wuyanta. Ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Gwaggo, an ba ni babban wasa, amma an ce sai na ƙara nauyi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ko kuma in ce iyakar abin da ta tsaya ta ji. Ta ce, "Mi ka ce? Sake faɗi in ji!" Ya sake faɗi. Sai ta rangaɗa guɗa a tsakar gida, ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi, yau Allah ya amshi addu'ar marigayiya!"

Kafin la'asar babu gidan da labari bai shiga ba a layinmu: autan marigayiya zai fara cin abinci.

Inna, da kin ga kwanuka! Ban san kina da masoya haka ba sai lokacin. Matar mai unguwa ta aiko da dambu. Maƙwabciyarmu ta bayan gida ta aiko da ɗanwake ya sha man gyaɗa. Tsohuwar nan da kike taya tankaɗe ta dama kunun kanwa, irin wanda ake yi wa mai jego, ta ce shi ne ke sa jiki. Gwaggo da kanta ta aika Batagarawa wurin Bafulatanar da kike sayen nono a hannunta, aka kawo kindirmo da man shanu, ta dama fura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Matar Sarkin Fawa kuwa farfesun ƙafar saniya ta ɗauka a matsayin nata aikin.

Kuma ba aikowa kawai suke yi su zauna a gida ba. Da yawansu da ƙafarsu suke zuwa, su shimfiɗa tabarma, su buɗe kwano, su zauna har sai sun ga gindin kwanon. Kowacce da abin da take faɗi, amma ƙarshensa ɗaya ne: "Da Innarka na nan ita za ta yi maka. Ci, ɗana."

Kin san ba zai iya cewa a'a ba. Ba kunya kaɗai ba ce. Mutumin da ke shirin shiga fage, in tsohuwa ta kawo masa abinci ya ƙi ci, ai ya gaya mata ke nan bai yarda da hannunta ba, yana zargin an ba ta wani abu ta zuba masa. Wadda aka yi wa haka ba za ta sake taka gidan ba har ta mutu. Nasiru ya san wannan sarai, ke kika koya mana. Don haka ya yi bisimilla ya shiga ci, ya gama na wannan ya jawo na waccan.

Ni ma farko murna nake yi, ban ga wani aibu ba. Na ga kumatu sun fito masa, wuya ya cika, fata ta yi sheƙi. Ranar Juma'a ya sa tsohuwar jamfarsa, maɓallin wuya ya ƙi shiga. Na yi dariya har da hawaye, na ce ina ma kina nan ki ga wannan rana. Shi ma dariya yake yi, yana shafa ciki, yana cewa ashe haka mutane ke jin daɗin duniya shi yana can yana shan ruwan zafi da lemon tsami.

Sai ga Malam Bala wata safiya ya yi sallama a zaure, sikeli a hammata, fuska ba annuri. Ya yi tafiya ne kwanakin, ya bar wa Nasiru tsarin abin da zai ci da yadda zai motsa jiki, ya dawo ya ga ɗan wasansa yana haki tun ba a yi nisa da tsallen igiya ba. Ya ajiye sikelin a ƙasa ya ce ya hau. Nasiru ya hau. Allura ta haura iyakar ƙasa, na fara murmushi daga bakin ƙofa. Sai ta ci gaba. Ta kai iyakar sama, ta tsallake, ta je can gaba ta tsaya.

Malam Bala ya tambaye shi me yake ci. Nasiru ya nuna masa jikin bango inda na jera kwanukan mutane da na wanke. Malam Bala ya daɗe yana kallonsu, sannan ya cire hula ya share zufa ya ce, "Wannan ai ba horo aka yi maka ba, kiwo aka yi."

Dariya ta zo mini, amma da na ga fuskar Nasiru sai ta koma. Ranar wasa ta matso. Abin da ya ɗauki shekaru yana jira yana neman kuɓuce masa, ba don Garu ya buge shi ba, sai don mutane sun so shi. Ya zauna a kan dakalin zaure ya haɗa kai da gwiwa. Rabon da in gan shi a haka tun ranar da aka dawo daga kai ki.

Washegari ya zo mini da dabara, yana ta murna da kansa. Ya ce ya gano uzuri ɗaya da babu tsohuwar da za ta yi fushi da shi: azumi. Ba na ƙarya ba, zai ɗauki na nafila da gaske, ga lada ga rage nauyi. Duk wadda ta zo da kwano sai ya ce mata da azumi a bakinsa. Malam Bala bai so ba, don yana tsoron ƙarfinsa ya ragu, amma ya rasa wata mafita ya ƙyale shi.

Ranar farko ta tafi daidai har zuwa la'asar. Mata suka zo, ya faɗa musu, suka sa masa albarka suka koma da kwanukansu. Muka kalli juna ni da shi muka ce an gama.

Abin da muka manta, Inna, shi ne ladan ciyar da mai azumi. Maraya, ga azumi, ga shi zai fuskanci ƙato, wace ce za ta yarda wannan lada ya wuce ta? Ana kiran magariba sai ga su kamar an buɗe ƙofar gari. Wadda da take kawo kwano ɗaya ta zo da biyu. Ga kunun tsamiya, ga ƙosai, ga waina, ga dabino, ga abin da ban ma san sunansa ba. Har da waɗanda ba su cikin masu kawowa da farko, yanzu sun ji batun lada sun shigo. Gwaggo ta tsaya a tsakiya tana ba da umarni, tana cewa a ware na sahur daban kada yaro ya wahala gobe.

Nasiru ya ɗago ya dube ni ta saman kawunansu. Ban taɓa ganin mutum a tsakiyar abinci yana neman ceto da ido haka ba.

Da safe na ɗauki mayafina na nufi gidan Gwaggo. A hanya ina ta juya yadda zan faɗa mata. Na gaishe ta, muka gama tambayar gida da yara da gajiya, sannan na fara bayani a kan aji da iyaka. Ta saurare ni tana tauna goro, ta ce, "Ke Dije, wanga zance naku na 'yan boko ne. Wanda za shi kara da ƙato ai ƙarin jiki shika so. Ina aka taɓa cewa nauyi ya yi wa ɗan dambe yawa?" Na sake bi ta wata hanya, ta sake tare ni.

Har na fara sarewa sai idona ya faɗa a kan jakar Makkarta da ke saman kabad. Kin tuna labarin, don ke kika fi kowa shan jinsa: yadda ta cika jaka da tsaraba, aka zo awon kaya a filin jirgin Jidda aka ce ta wuce kilo, ta yi roƙo ta yi magiya suka ƙi, ta baro darduma da butar shayi da dabinon mutane a ƙasa tana kuka. Har yau in aka ambaci Jidda sai ta yi tsaki.

Na ce, "Gwaggo, awon da za a yi wa Nasiru irin na jakar alhazai ne. In ya wuce kilo ba ya hawa."

Ta daina tauna goro. Ta dube ni, ta dubi jakar, ta sake dubana. Sai ta dafa ƙirji ta ce, "Inna lillahi! Za a baro mini yaro a Jidda!" Ta miƙe tana neman takalmi tana faɗa, wai me ya hana mu gaya mata tun farko da Hausa.

Daga ranar, Inna, Gwaggo ta tare a zauren gidanmu. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, carbi a hannu. Ba ta kori kowa ba, ba ta mayar da kwanon kowa ba, don ta fi mu sanin abin da hakan ke nufi. Duk wadda ta zo sai ta karɓa da godiya, ta kira Nasiru, ya yi bisimilla ya ɗanɗana 'yar loma a gaban mai abincin, don ta ga ya yarda da hannunta. Yana kai hannu karo na biyu sai Gwaggo ta rufe kwano ta ce, "Ya isa, albarka ta shiga." Sannan ta zaunar da matar ta ba ta labarin Jidda tun daga farko. Babu wadda ta fita daga zauren nan ba ta gane ba, kuma babu wadda ta fita da fushi.

Azumin ma ita ta sa ya ajiye, ta ce ya bari sai bayan wasa ya yi na godiya. Ta kira Malam Bala ta tambaye shi abin da ya halatta yaro ya ci, ta riƙe a kanta, ta fi shi tsanani. Ranar nan Nasiru ya miƙa hannu zai ɗauki ƙuli-ƙuli a faranti, ta buge hannun da carbi.

Sauran abincin kuwa ba a zubar ba. Wani a kai ƙofar masallaci, wani abokan horonsa su zo su share, wani kuma, to, ni ce a kusa. Kada ki tambaye ni, Inna. Rigunan da na ɗinka da Salla duk sun matse ni, maigidana yana tsokanata wai in Nasiru ya kasa ni za a tura wa Garu.

Nasiru kuma ya shiga aiki. Ana idar da asuba ya fita gudu ta bakin tsohuwar ganuwa, ya dawo rigarsa tana ɗiga. Da yamma tsallen igiya da dukan buhu. Matan da suka yi ta ɗura masa abinci su ne yanzu ke leƙowa ta ƙofa in zai wuce, suna ce masa ya ƙara sauri. Kitse ya fara zubewa, naman da ya kamata ya zauna ya zauna a kafaɗa da damtse. Kowace safiya Malam Bala ya ajiye sikeli, Gwaggo ta miƙe ta leƙa allurar, ko da yake ba ta karanta lamba. Fuskar koci take karantawa.

Ana gobe wasa allurar tana kan layi daidai, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Da safe muka raka shi wurin awo. Mata ba sa shiga, don 'yan wasan tuɓewa suke yi, sai muka zauna a inuwar wata bishiya ni da Gwaggo. Tana jan carbi, ni ina kallon ƙofa. Mutane suna shiga suna fita, shi shiru. Can sai ga Malam Bala ya fito. Bai dube mu ba, ya fuskanci gabas ya kai goshinsa ƙasa a nan kan tsakuwa. Gwaggo ta saki guɗa har masu gadi suka waigo. Ta ce, "Jaka ta hau jirgi!"

Gwaggo ba ta je kallon wasan ba. Ta ce idonta ba zai ga ana dukan ɗanki ba, ta koma gida ta hau darduma. Ni na je, maigidana ya kai ni, na zauna can baya cikin 'yan mata masu wasanni. Bayan la'asar aka fara, ɗakin wasan ya cika maƙil, rabin Ƙofar Marusa tana ciki.

Da Garu ya hau dandamali na gane dalilin sunan. Ba ya tsalle-tsalle, ba ya zare ido, ya tsaya kawai yana jira. Nasiru da duk wannan kiwo da aka yi masa, a gefensa sai ya koma mini ɗan autan nan da na goya.

Ban iya dambe ba, Inna, ba zan ba ki shi yadda maza ke bayarwa ba, kuma rabinsa ta cikin mayafi na kalla. Abin da na gani shi ne a turmin farko Garu ya same shi da hannu ɗaya a gefen fuska, ƙarar ta iso har inda nake. Nasiru ya kai gwiwa ƙasa. Ɗaki ya yi tsit, alƙalin wasa ya fara ƙirga. Na ji bakina yana kiran sunanki, ban san lokacin da na fara ba. Sai ya dafa igiyar dandamali ya miƙe, ya girgiza kai, ya ɗaga safar hannunsa alamar a ci gaba.

Daga nan wasa ya canza. Ya daina tsayawa a gaban mutumin. Saurin nan nasa na ƙaramin aji, wanda muka ji tsoron fura ta cinye, ashe yana nan. Ya shiga ya taɓa ya fita, ya zagaya ta hagu, ya sake shiga. Garu ya kai hannu ya sami iska. Ya sake kaiwa ya sami iska. A turmin ƙarshe na ga abin da aka ce ba a taɓa gani ba: Garu ya ja da baya har bayansa ya taɓa igiya, Nasiru yana binsa. Na jefar da mayafin daga fuskata, na miƙe tsaye ina ihu, ni matar aure uwar 'ya'ya, ban damu da wanda ke kallona ba.

Aka buga ƙararrawa su biyun suna tsaye. Alƙalin wasa ya kama hannun kowannensu, aka tsaya jiran hukuncin masu ba da maki. Ban taɓa jin jira mai tsawo irin wannan ba. Sai na ga hannu ya tashi sama, na bi shi da ido har ƙasa don in tabbatar na wane ne. Na Nasiru ne, Inna. Na autanki.

Garu mutumin kirki ne, ki sa masa albarka. Shi da kansa ya karɓi kambun ya ɗaura wa Nasiru a ƙugu, ya rungume shi, ya yi masa magana a kunne suka yi dariya. Daga baya na tambayi Nasiru abin da ya ce masa, ya ce cewa ya yi ya gaji da jiran wanda zai sa shi gumi, ya gode.

A kafaɗa aka shigo da shi unguwa. Mata suka fito ƙofar gidajensu, kowacce tana gaya wa ta kusa da ita cewa abincinta ne ya yi aiki. Mai kunun kanwa da mai farfesu sai da aka shiga tsakaninsu. Gwaggo ta rungume kansa tana kuka tana dariya, tana shafa kambun tana tambaya ko zinariya ce. Ni na tsaya a gefe ina kallo, farin ciki ya cika ni har ya yi mini nauyi, kuma a tsakiyarsa akwai gurbinki, babu mai cike shi.

Washegari bayan asuba ya yi wanka ya sa farar jamfa. Na ɗauka kambun zai ɗauka ya zagaya dangi, sai na ga ya rataye shi a ƙusa ya fita hannu sake. Ya ce maƙabarta za shi, can kuma ba a shiga da ado. Na raka shi har bakin zaure na tsaya, tunda ni ba zan iya binsa ba.

Ya daɗe bai dawo ba. Da ya shigo na ga idonsa mai lafiyar ya yi ja. Na ce ya yi miki addu'a? Ya ce ya yi. Na ce ya gaya miki ya ci kambu? Sai ya ce, "Wallahi Yaya na manta da zancen kambu. Ce mata kawai na yi kada ta damu, ban ji ciwo ba."

To Inna, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ya ci kambun, ni na gani da idona, tunda shi ya manta bai gaya miki ba. Batun ciwo kuma ba gaskiya ya faɗa miki ba. Idonsa na hagu ya kumbura ya rufe, leɓensa ya fashe, in zai zauna sai ya dafa haƙarƙari. Ki yafe masa, don ya kwantar miki da hankali ya faɗa. Ina gasa masa da ruwan ɗumi safe da yamma, kumburin ya fara sauka, kuma ba zan bar shi ya koma shago ba sai ya warke sarai.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya gafarta miki, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki, ke da Baba. Allah ya saka wa Gwaggo da matan unguwar nan da alheri, waɗanda suka riƙe miki ɗa da hannu bibbiyu. Allah ya tsare Nasiru a duk inda zai tsaya, ya haɗa mu da ke a inda babu sauran rabuwa. Amin.

Ki huta lafiya.

'Yarki ta fari,
Dije